BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA: JAWABI GA MANIYYATA KAN HAƊA KAYA

Wannan shi ne jawabin da wani Malamin bita, wanda ya yi shekara da shekaru yana raka alhazai ƙasa mai tsarki, ya gabatar ga maniyyata aikin Hajji maza da mata a zama na ƙarshe na bitar da aka shirya musu. Bayan an kammala darussan harami, ɗawafi, sa'ayi da jifa, sai ya keɓe wannan zama kacokan domin maganar jaka da abin da ake zubawa a cikinta. Ga yadda jawabin ya kasance.

Bayan godiya ga Allah (T) da salati ga Manzon Allah (S) da iyalan gidansa da sahabbansa, Malamin ya fara da cewa ya san wasu za su yi mamakin yadda za a tara dattawa a zaunar da su domin a yi musu maganar jaka da riga da takalmi. To, amma ya ce maganar guzuri ba shi ya fara ta ba, tana nan cikin Alƙur'ani mai girma, a aya ta 197 ta Suratul Baƙara. Malaman tafsiri sun kawo daga Ibn Abbas (RA) cewa wasu mutanen Yaman ne sukan taho Hajji ba guzuri, suna cewa su masu tawakkali ne, in sun iso Makka kuma sai su koma roƙon mutane. Sai ayar ta sauka tana umurni da yin guzuri, tana kuma nuna cewa taƙawa ita ce a gaban kowane guzuri.

Ya ce ke nan akwai kuskure iri biyu. Akwai na wanda ya tafi ba shiri ya zame wa jama'a nauyi, akwai kuma na wanda ya kwashi kaya har kayan suka zame masa nauyi, suka shagaltar da shi ga barin abin da ya kai shi. "Kuskuren farko ya yi ƙaranci a tsakaninmu a yau, 'yan uwa. Na biyun ne ya yi mana katutu. A kowace shekara za ka ga alhajin da ya haddace addu'o'in ɗawafi tsaf, amma jakarsa ta hana shi sukuni. Ana kiran salla a Harami, shi yana ɗaki yana fama da zif."

DARASI DAGA MAGABATA

Malamin ya tunatar da maniyyatan cewa kafin zuwan jirgin sama, kakanninmu a ƙasa suke bin wannan hanya. Su ratsa Barno, su shiga Fort Lamy wadda a yau ake kira Njamena, su wuce El-Fashir da El-Obeid a ƙasar Sudan, har su kai Sawakin a bakin Bahar Maliya, sannan su hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiya ce ta shekaru, ana yi ana tsayawa ana noma ko ɗinki ko dako domin a sami na gaba. Da yawa ba su dawo ba, zuriyarsu na nan a Sudan har yau, a garuruwa irin su Mai Wurno da ke bakin kogin Nilu. Ya ce mutumin da zai taka wannan hanya ba ya ɗaukar abin da kansa ko jakinsa ba zai iya ba: buzu, gora, sanda, gafaka da 'yan tufafi.

A ɗaya ɓangaren kuma ya kawo labarin Mansa Musa, Sarkin Mali, wanda ya yi Hajji a shekarar 1324 da ayari mai ɗimbin yawa da raƙuma ɗauke da zinari. Ya yi kyauta da sayayya a Alƙahira har darajar zinari ta faɗi, amma a kan hanyarsa ta komowa sai da ya ci bashi a hannun 'yan kasuwar birnin. "To, in wanda ya tafi da zinari a kan raƙuma ya dawo da bashi, ina ga wanda ya sayar da gona ko shanu ya biya kujera? Yawan kaya bai taɓa zama alamar karɓaɓɓen Hajji ba."

SIKELI BA YA JIN ROƘO

Da ya juya kan ƙa'idar nauyi, Malamin ya ce a shekarun baya abin da aka saba yarda wa alhajin Nijeriya ya ɗauko a ƙarƙashin Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, shi ne babbar jaka mai kilo 32 da jakar hannu mai kilo 8. Wannan adadi yakan sauya gwargwadon yarjejeniyar da aka ƙulla da kamfanonin jirage a kowace shekara, saboda haka wajibi ne kowa ya tambayi jami'in alhazai na ƙaramar hukumarsa abin da aka tsayar a shekarar tafiyarsa, ya rubuta ya ajiye. Masu zuwa Umra ko wata ƙasa a jiragen yau da kullum kuwa, galibin kamfanoni kilo 23 suke yarda da shi ga kowace jaka a kujerun talakawa.

Ya ce ba don mugunta aka tsayar da kilo 32 a matsayin iyakar jaka guda ba. Mutane ne ke ɗaga waɗannan jakunkuna da hannunsu suna jerawa a cikin jirgi, su ma suna da ƙugu da baya, suna da haƙƙi. Sannan shi jirgin kansa yana da nauyin da ba zai tashi da abin da ya fi shi ba. "Sikeli bai san Alhaji ba, bai san Hajiya ba, bai san Hakimi ba. Kana iya roƙon ma'aikaci, amma ba ka iya roƙon sikeli. Saboda haka ka nemi sikeli tun a gida, ko na mai awon hatsi ne, ka ɗora jakarka ka gani da idonka."

Game da ita kanta jakar, ya ce masu tafiya ta hannun hukumomin jihohi an saba ba su jaka iri ɗaya, babba da ƙarama, kuma a nan ne matsala take, domin ɗaruruwan jakunkuna ne masu launi ɗaya za a zube a wuri guda. Ya shawarci kowa ya rubuta sunansa da jiharsa da lambar wayarsa da manyan baƙaƙe a jikin jakar, ya sa wata takardar mai irin wannan bayani a cikinta, sannan ya ɗaura wa hannunta wani ƙyalle mai launin da zai gane tun daga nesa.

Wanda kuwa zai sayi tasa, ya ce ya dubi abubuwa huɗu. Na farko nauyinta tun babu komai a ciki, domin akwai akwatin da shi kaɗai ya kai kilo 5, ka ga tun ba a zuba komai ba ya cinye wani kaso na rabonka. Na biyu zif, a ja shi a mayar sau da dama a gaban mai kanti, domin shi ne yakan fara ba da kunya. Na uku taya: mai taya huɗu tana da daɗin turawa a kan daɓen filin jirgi, amma tayoyin a waje suke, suna saurin karyewa, mai taya biyu da suka shige cikin jikin jakar ta fi jure jifa da hawa da sauka. Na huɗu hannu da ɗinki. Ya kuma ja kunne game da jakar gana-mas-go, wadda ya ce duk da arharta da rashin nauyinta tana saurin yagewa, tana kuma maƙalewa a na'urar da ke jan kaya, abin da ya sa kamfanin Ethiopian Airlines ya hana shiga jiragensa da ita daga Nijeriya a ƙarshen shekarar 2023.

TUFA ƊAYA, AIKI UKU

Malamin ya ce a nan ne mafi yawan maniyyata kan yi ɓarna, domin sukan haɗa kaya kamar masu zuwa biki. Ya ce alhaji zai yi wata guda ko fiye a can, amma wannan ba ya nufin ya ɗauki kayan wata guda. Ya ɗauki kayan kwana uku ko huɗu, ya haɗa da sabulun wanki da 'yar igiyar shanya. Iskar Makka da Madina busasshiya ce, rigar da ba ta da kauri in aka wanke ta da dare, kafin asuba ta bushe.

Sai ya kafa wata ƙa'ida da ya ce a riƙe ta da kyau: duk tufar da aiki ɗaya kawai take yi, a bar ta a gida. Alal misali, ya ce, babbar riga da 'yar ciki da wando na shadda sukan ci yadi goma, ga nauyi, ga cin wuri, ga buƙatar sitaci da guga, kuma sau ɗaya za a sa ta, ranar dawowa, domin 'yan tarba su gani. Amma jallabiya ko kaftani na yadi mara nauyi, da shi za ka je masallaci, da shi za ka shiga kasuwa, da shi za ka kwanta, da shi za ka hau jirgi.

Ga maza, lissafin da ya bayar shi ne harami biyu, jallabiya ko kaftani uku, wando uku, singileti uku, hula ɗaya ko biyu, silifa, da takalmin tafiya guda. A zaɓi launukan da kowace riga za ta shiga da kowane wando, fari ko ruwan toka ko ruwan ƙasa mai haske, domin baƙin kaya yana shan rana. Ya ce shi kansa mayafin harami, bayan an sauke haramin, ya zama tawul, ya zama bargo in sanyin na'urar ɗaki ya yi yawa, in aka naɗe shi kuma ya zama matashin kai.

Ga 'yan uwa mata, ya tunatar da cewa shari'a ba ta ajiye wa mace wani launi ko wani ɗinki na harami ba, tufafinta na sutura su ne haraminta. Ya ce hijabi uku masu sauƙi, dogayen riguna uku ko huɗu marasa nauyi, dogon wando na ciki biyu ko uku, safa, da zane guda biyu sun wadatar, a haɗa da yunifom ɗin da hukumar jiha ta bayar. "Zane ya fi komai amfani a jakar mace. Shi ne abin ɗaurawa, shi ne shimfiɗa, shi ne lulluɓi, shi ne labule in ana son a suturta a cikin tanti, shi ne kuma abin ƙunshe kaya. Amma leshi mai duwatsu da gwala-gwalai, Hajiya, su jira ki a gida. A cikin cunkoson ɗawafi babu mai kallon ki, in ban da ɓarawo."

Ya koya musu yadda ake gwada yadi: a dunƙule gefensa a tafin hannu a matse, a saki. In ya yamutse ƙwarai, zai nemi guga kullum. A kuma wanke shi da magariba a shanya a ɗaki, in gari ya waye bai bushe ba, ba na tafiya ba ne. Yadin auduga yana shan gumi, yana barin iska ta ratsa. Mai roba zalla yana saurin bushewa amma yana dafa jiki. Wanda aka gauraya biyun shi ya fi dacewa. Wajen shiryawa kuma a naɗe kowace tufa kamar tabarma maimakon a ninke, ta fi rage cin wuri, a sa masu nauyi ta wajen taya.

Har ila yau ya ce a lura da lokaci. Shekarar Musulunci tana gaza ta Bature da kimanin kwana 11, don haka Hajji yana matsowa baya kowace shekara. Wanda ya faɗo watan Yuni a 2024 da 2025, a hankali zai koma cikin sanyi, kuma Madina tana da sanyi sosai a lokacin hunturu. Don haka kada maniyyaci ya dogara kacokan da labarin maƙwabcinsa da ya je shekara goma ko ashirin da suka wuce. Masu zuwa Umra a watannin Disamba da Janairu su sa rigar sanyi guda mara nauyi, su kuma sa ta a jiki ranar tafiya maimakon a jaka.

Da ya zo kan takalmi sai ya ɗaga murya. Ya ce kada kowa ya kuskura ya tafi da sabon takalmin da ƙafarsa ba ta saba da shi ba. Sa'ayi kaɗai tsakanin Safa da Marwa, zuwa da komowa sau bakwai, kimanin kilomita 3 ne, ban da ɗawafi, ban da tafiya daga masauki zuwa Harami, ban da zuwa jifa. Wanda ya sayi sabo, ya fara yawo da shi tun yanzu. A kuma tanadi 'yar jakar ƙyalle ta zuba takalmi a shiga da shi masallaci, domin wanda ya ajiye nasa a ƙofa ya fita ta wata ƙofar, zai taka kwalta mai zafi da tafin ƙafa. Ga mai ciwon suga kuwa, ƙunar ƙafa ba ƙaramar musiba ba ce.

KWANAKIN DA AKA ZO DOMINSU

Malamin ya ce duk wannan doguwar tafiya domin kwana biyar ko shida ake yin ta, kuma a cikinsu babbar jaka ba ta da wani amfani, a masaukin Makka za a bar ta. Ranar 8 ga Zulhajji a fita Mina. Ranar 9 a wuce Arfa, wadda ke da nisan kimanin kilomita 20 daga Makka. Bayan faɗuwar rana a gangaro Muzdalifa a kwana a fili, ba tanti ba ɗaki. Ranar 10 a koma Mina a yi jifa, a ci gaba har ranar 12 ko 13. A tantin Mina rabon kowa 'yar katifa ce siririya, kafaɗa da kafaɗa da ɗan uwansa. Motoci kuma sukan maƙale a cunkoso, har ta kai mutum ya sauka ya taka.

Saboda haka, ya ce, abin da za a fita da shi shi ne jakar goyo ƙarama, wadda za ta bar hannuwa biyu a sake. A cikinta a sa harami na biyu ko hijabi da riga na canji, tufa guda ta sawa bayan an sauke harami, 'yar tabarma ko shimfiɗa mai naɗewa, gorar ruwa, magunguna, sabulu da man shafawa marasa ƙamshi, ɗan dabino, laima, da 'yar jaka ko gorar roba ta zuba tsakuwar jifa, wadda guda 49 ce ga mai barin Mina ranar 12, guda 70 ga mai kaiwa ranar 13. Ya ce maza su shafa man basilin mara ƙamshi tsakanin cinyoyi, domin tafiya cikin harami ba wando tana saɓule fata. Game da riƙe laima ga namiji mai harami yana cikin tafiya kuwa, ya ce mazhabobi sun saɓa, kowa ya tambayi malaminsa tun a gida ya san matsayinsa.

A nan sai Malamin ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya tuna musu da Hajjin 2024, lokacin da zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, hukumomin Saudiyya kuma suka ba da sanarwar rasuwar mutum 1,301, waɗanda kashi 83 cikin ɗari nasu ba su da izinin Hajji, sun yi doguwar tafiya a ƙasa cikin rana ba mafaka. Ya yi musu addu'ar rahama. Sannan ya ce: "A irin wannan rana, kowane kilo da ke bayanka yana shan ruwan jikinka. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ka zaɓa, ruwa za ka ɗauka ko riga ta huɗu? Ga gwaji mai sauƙi: ka cika jakar, ka goya ta, ka yi tafiyar rabin sa'a da hantsi a unguwarku. In ka dawo kana haki, ka rage. Kayan da ba za ka iya ɗauka da kanka ba, wani bawan Allah za ka ɗora wa, shi ma kuwa ibada ta kawo shi."

ABIN DA BA YA RABUWA DA JIKI

Dangane da jakar hannu ta shiga jirgi, ya ce a ɗauka kamar babbar jaka za ta yi kwana biyu ba ta iso ba, domin hakan na faruwa. A sa tufa guda ta canji, da dukkan magungunan da ake sha kullum, na hawan jini ne ko na suga, a cikin kwalayensu na asali tare da takardar likita, wanda zai ishe mutum har ya dawo. Wanda jirginsa zai sauka Jidda ya wuce Makka kai tsaye, lalle haraminsa ya kasance a jikinsa ko a jakar hannu, domin jirgi zai ratsa daidai miƙati tun yana sama. Wanda zai fara da Madina kuwa yana da sarari, sai a Zul-Hulaifa zai ɗaura.

Ya ce fasfo, katin rigakafin shawara da na sanƙarau, kuɗin guzuri, da katin Nusuk wanda aka wajabta tun Hajjin 2024, waɗannan a jiki suke zama, a ɗamara mai aljihu ko 'yar jakar wuya ƙarƙashin hijabi. A raba kuɗi gida biyu, kada a tara su wuri ɗaya. Almakashi, reza da abin yankan farce a babbar jaka ake sa su, in ba haka ba za a ƙwace. Haka nan duk wani abu mai ruwa da ya wuce mililita 100, ƙa'idar da ake bi a yawancin filayen jiragen sama tun 2006. Fawa-bank na cajin waya kuwa akasin haka ne, a jakar hannu ake riƙe shi, domin batirinsa na iya kamawa da wuta, gara ya kasance inda ido ke gani.

SALLAHUN DA KE KAI MUTUM KURKUKU

Malamin ya ce in ma an manta da duk abin da ya faɗa, to kada a manta da wannan. Ya ce al'adarmu ce in mutum zai yi tafiya a kawo masa sallahu, a ce ga ɗan ƙunshi ka kai wa wane a Makka, kunya kuma ta hana shi buɗewa. To, hukuncin fataucin miyagun ƙwayoyi a Saudiyya yakan kai ga kisa, wal iyazu billah, kuma ba a tambayar wa ya ba ka, abin da ake tambaya shi ne sunan wa ke jikin jakar. Ƙwayoyi irin su Tramadol suna cikin abin da ake kama mutane a kansu. Goro ma, duk da matsayinsa a wurinmu, an hana shiga da shi, hukumar alhazai kuma tana nanata wannan gargaɗi kowace shekara.

Ya kawo misalin wata ɗaliba 'yar Nijeriya da ta je Umra, aka kama ta a Madina a watan Disamba 2018 saboda wata jaka mai ɗauke da sunanta da aka samu Tramadol a ciki. Ta yi wata huɗu a tsare, sai a ƙarshen Afrilu 2019 aka sake ta, bayan binciken hukumar NDLEA ya gano cewa wasu ne a filin jirgin da ta tashi suka liƙa sunanta a jakar da ba ta taɓa gani ba. "Wannan baiwar Allah ba ta karɓi sallahun kowa ba, amma ga abin da ya same ta. To, ina ga wanda ya karɓa da hannunsa? Ka haɗa jakarka da kanka, ka sa kwaɗo, ka tsaya a gaban ma'aikaci har ya liƙa mata takarda, ka ƙirga 'yan takardun shaidar da ya ba ka, su zo daidai da yawan jakunkunanka, ka ɗauki hotonsu a waya. Mai kaya kaɗan ya san abin da ke cikin kayansa. Mai kaya barkatai shi ake cusa wa. In kunne ya ji, jiki ya tsira."

TSARABA

Daga nan sai ya taɓo maganar tsaraba, inda ya ce kyauta abu ce mai kyau, tana ƙara zumunci, amma kada ta zama ita ce Hajjin. Ya ce da yawa daga cikin carbi, darduma, hula da jallabiyar da ake wawaso a kasuwannin Makka daga Sin ake kawo su, kuma irinsu na nan jibge a Kantin Kwari a Kano. Wanda ya cika jakarsa tun daga gida, ba shi da wurin sa dabinon Madina, daga ƙarshe sai ka gan shi a filin jirgi ya baje kaya a ƙasa yana zaɓen abin da zai zubar, ko ya biya kuɗi mai yawa a aiko masa da su daga baya, ya yi ta sintiri yana jira. Don haka a tafi da babbar jaka rabinta ba komai.

Ya kuma gargaɗe su da kada kowa ya ɓoye ruwan Zamzam a cikin jaka, domin an hana, na'ura kuma tana ganin sa, sai a buɗe jakar a fitar, a jawo wa jirgi duka jinkiri. An saba tanadar wa kowane alhaji lita 5 da zai karɓa bayan ya sauka a gida.

TAMBAYOYI

Da aka ba da damar tambaya, wata dattijuwa ta ce, "Allah ya gafarta Malam, ni cikina bai saba da abincin Larabawa ba. Shin ko in tafi da garin tuwo da tukunya?" Malamin ya amsa mata da cewa, "Inna, Allah ya ƙara lafiya. Tukunya da risho dai a bar su, ana ba alhazai abinci, kunna wuta a tantin Mina kuma an hana saboda gobara. Amma ɗan garin kunu da ɗan yaji, abin da bai wuce kilo ɗaya ko biyu ba, a ƙulle da kyau, a nuna wa jami'in alhazai tun a gida ya tabbatar ba ya cikin abin da aka hana."

Wani magidanci kuma ya ce surukinsa ne ya ba shi ƙunshi ya kai wa wani, yana jin nauyin mayar masa. Malamin ya ce, "Ɗan uwa, ka je ka durƙusa ka ce masa Baba, doka ce ta hukuma, sai an buɗe a gabanka an gani. In abin kirki ne ba zai ƙi ba. In ya ƙi, ka ba shi haƙuri ka ajiye masa kayansa. Kunyar yini ɗaya ta fi zaman kurkuku a ƙasar da ba ka jin harshenta."

Daga ƙarshe Malamin ya ce duk wanda ya tsaya a Arfa ya dubi jama'a, zai ga sarki da talaka, attajiri da ɗan dako, kowa cikin ƙyalle biyu farare marasa ɗinki, waɗanda suka yi kama da abin da za a naɗe shi da shi ranar tafiyar da ba a ɗaukar jaka. Ya ce wanda ya fahimci wannan tun yana gida, ba zai sha wahalar rage kaya ba. Ya umurci kowa da ya je ya haɗa jakarsa a cikin wannan mako, ya auna, ya kwance, ya rage, ya sake aunawa, ya biya basussukan da ke kansa, ya nemi gafarar iyaye da maƙwabta, ya kuma bar wa iyalinsa abin da zai ishe su, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Ya rufe da addu'ar Allah (T) ya kai su lafiya, ya dawo da su lafiya, ya sa su yi Hajji karɓaɓɓe, waɗanda ba su samu zuwa ba kuma Allah ya kira su. Aka shafa, aka tashi.